Yadda Na Kai Ƙafar Ladi Kumasi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofishin malamai, a ƙofar coci, har wajen mai niƙa, tambayar ɗaya ce: yaya Gana, kuma me ya kai ki? Wasu sun ji an ce fatauci na fara, wasu an ce musu miji na je nema. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata firamare a Romi, gidanmu kuwa yana Trikania, duk a nan Kaduna. Duk wanda ya saba bi ta layinmu ya san motar da ke ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gidan: doguwa, baƙa, ƙirar Ingila, sitiyarinta a dama. Babanmu direban wani Bature ne, manaja a masaƙa a Kakuri, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Kujerunta na fata ne, gabanta katako mai sheƙi, tirafiketarta kuwa wasu 'yan hannuwa ne da ke miƙewa daga gefe. Ranar Lahadi kaɗai Baba ke fito da ita, shi ya sa unguwa ta raɗa mata Ladi.

Wata shekara muna dawowa daga Kirsimeti a ƙauye, a wani gangare bayan Kagoro, bututun man birki ya fashe. Motocin wancan zamani bututu ɗaya ke kai mai ga ƙafafu huɗu, in ya fashe shi ke nan. Baba ya yi ta sauke giya yana jan birkin hannu har ya cusa ta cikin gonar dawa. Ba wanda ya mutu, amma ƙirjinsa ya daki sitiyari, don motar ba ta da bel. Daga ranar bai rabu da tari ba har Ubangiji ya kira shi.

Yayana Bulus fita ne, wato makanikin injuna, a matatar mai da ke wajen Rido. Bayan rasuwar Baba ya ɗora Ladi a kan bulo, ya kwance ƙafafunta na gaba, ya ce ba za ta sake taka titi ba sai ya sa mata birki irin na zamani da bel. Yana cikin aikin aka shiga yajin aiki, sojoji suka fara kamen masu magana a ƙungiyar ma'aikata, shi kuwa bakinsa ba ya shiru. Wata rana da hantsi wani abokinsa ya zo ya raɗa masa magana, ya fita da rigar aikin da ke jikinsa, bai sake dawowa ba. Shekaru suka yi ta wucewa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo har sun gaji, Mama ko ciniki ba ta yarda a yi.

Alhaji Sale mai goro, maƙwabcinmu, shi ya fara kawo mana labarin ya ga Bulus a Kumasi. Bana, bayan sojoji sun miƙa mulki, ya sake zuwa da saƙo: in akwai mai zuwa, a kawo wa Bulus hob ɗin Ladi, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, zai auna ya haɗa mata sabon birki. Mama ta ce mutumin da ke cigiyar ƙafar mota gida yake tunawa. Da aka ba mu dogon hutu ta naɗe ƙarfen da tsohon bargon Baba, ta ƙulla garin acca da daddawa da busasshiyar yakuwa.

"Ki kai masa ƙarfen," ta ce, "ki dawo mini da mutum."

Na bi Mama Terna, wata 'yar Binuwai da muke coci ɗaya, mai sarin atamfa a Kwatano. Mun shiga babbar bas a tashar unguwar Talabijin. Hanyar Legas ba sai na ba ku labarinta ba, shingen bincike na nan yadda kuka san shi. Wani dattijo kusa da ni ya ce sojojin nan kujera suka bari, ba su bar titi ba, bas ta kwashe da dariya. Da muka tsaya cin abinci aka buɗe but, sai ga ƙafar Ladi ta gangaro ta zauna daram a kan kwandon tumatirin wata Bayarabiya. Matar ta wanke ni tas da harshen da ba na ji. Na durƙusa ina tsince wanda bai fashe ba, ina ba ta haƙuri. Mama Terna ta gaya mata inda za ni da dalili, sai matar ta ce ita ma nata ƙanin yana can wata ƙasa tun zamanin soja. A gidanta muka sauka a Legas, kuma miyar tumatirin da na fasa muka ci da amala.

A iyakar Seme wani jami'in kwastan ya sa na kwance bargon. Ya juya ƙarfen, ya leƙa raminsa, ya kira abokan aikinsa. Ashe Bakatsine ne. Ya ce ya ga matan da ke ɓoye shinkafa da atamfa da naman talotalo, amma bai taɓa ganin macen da ta goyo ƙafar mota za ta fitar da ita daga Najeriya ba, alhali kowa shigo da kayan mota yake yi. Ya ce in wuce, Allah ya kai ni lafiya. A ɓangaren Binin kuma wani jandarma ya matsa sai ya ga abin da ke cikin ƙullin Mama. Ya kai hancinsa kan daddawar, ya ja da baya da sauri yana yi mini nuni da hannu in tafi.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, mata kuma kowace da nata babur, da ɗaurin kallabi da goyo, ba mai kallonta. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake riƙe shi. Da rana ta take sai a rufe shaguna a tafi barci, abin da in ɗan kasuwar Kakuri ya yi sai a ce ba shi da lafiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fetur. Ga shi nan a manyan kwalabe a bakin titi ko'ina, kuma namu ne, mu da ke da matata a bayan gida muna wuni a layi. Mun sauka a Zango, unguwar Hausawa, wajen wata tsohuwa, ɗakin cike da 'yan kasuwa mata daga ƙasashe daban-daban, kowa ta yi matashi da kayanta. Ni na yi da ƙafar Ladi, wuyana bai gode mini ba.

A nan Mama Terna ta tsaya. Ta damƙa ni ga wani direba mai zuwa Lome, ta koya mini kalmomin Faransanci uku, na manta biyu kafin mu bar gari. A hanyar ce na fara ganin teku da idona. Na so a ce akwai wani na gida kusa da ni in taɓa shi in ce duba. A Lome iyakar tana cikin gari, ka taka daga wannan titi zuwa wancan ka shiga Gana. Wata mai dako ta ɗora ƙarfen a ka kamar faifai, ta yi gaba, ina binta da gudu ina tsoron kada ta ɓace mini. Na same ta a ƙetare tana jirana, tana dariyar yadda nake haki.

Mutanen Gana suna bin layi ba tare da an zo da bulala ba, kuma in ka taka mutum shi zai riga ka ba da haƙuri. Daga Akara na kama motar Kumasi. Ranar Asabar ce, duk garin da muka ratsa sai ka ga rumfuna da kiɗa, jama'a cikin baƙi da ja suna rawa. Na ɗauka biki ne, aka ce jana'iza ce. Na tuna tamu ta Baba, yadda matan zumuntar coci suka yi ta waƙa a hankali, aka watse kafin la'asar.

A Zangon Kumasi na sauka gidan Mma Adiza, 'yar'uwar matar Alhaji Sale. Suna jin Hausa, amma tasu ba ta raba mace da namiji. Ina zaune na ji tana gaya wa maƙwabta, baƙona ya zo daga Najeriya, ya gaji, yana neman wansa. Na waiga ina neman namijin. Da safe ta kawo mini abin da suke kira wace, na duba na ga wake da shinkafarmu ce, sai dai an rina ta da karan dafi, an tara mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Na ce mata mu a Kaduna mai da yaji sun ishe mu. Ta ce ai shi ya sa muka rame.

Unguwar makanikai ta Kumasi ana ce mata Magazin. Ku haɗa Pantekarmu ta Kaduna goma, ba ku kama ƙafarta ba. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, ƙarar guduma ta ko'ina, tartsatsin walda kamar ana wasan wuta. Na yi ta tambayar Bulus, ba wanda ya san shi. Sai da na ce ɗan Najeriya mai gyaran tsofaffin motocin manya, wani mai fenti ya ce, a'a, Masta Kaduna kike nufi.

Ƙafafunsa na fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata farar mota. Ƙafafun Baba ne sak, har da karkataccen babban yatsan. Na ce, "Yaya." Ƙarar sifana ta tsaya. Ya daɗe bai fito ba. Da ya jawo jikinsa waje na ga furfura a gemunsa. Ya tashi yana ta goge hannuwa da tsumma, ya rasa inda zai sa su, can ya ce, "Mama fa?" Na ce tana nan da ranta. Ya zauna a kan wata taya ya rufe fuskarsa da tsumman.

Garejin na wani tsoho ne, Papa Owusu, wanda idonsa ya fara rauni. Motocin da ke ciki duk sa'o'in Ladi ne ko yayyenta: na sarakuna, na attajiran noman koko na da, waɗanda jikoki suka jawo daga bayan gida don a riƙa fita da su biki da jana'iza. Papa Owusu ba ya yarda a taɓa fuskar mota. Ko madubi za a canja sai an yi rigima. Yaya kuma ba ya barin mota ta fita da abin da zai kashe mutum. A haka suka daidaita: waje na tsoho, ciki na Yaya. Ya zagaya da ni yana nuna mini. Tsohon birki kamar kwano yake, takalma biyu na goga shi ta ciki, in ya yi zafi a gangare sai ya daina kamawa. Shi yana cire shi ya sa mai faranti, wanda ake maƙewa ta gefe biyu, iska na hura shi. Bututun mai ya raba shi biyu, na gaba daban na baya daban, in ɗaya ya fashe ɗaya na nan. Yana cire dainamo ya sa altaneta don fitila ta daina lumshewa, ya canja gilashin gaba da mai leda a tsaka wanda ba ya tarwatsewa. Bel kuwa ba a jikin kwanon mota yake ɗaure shi ba, sai ya yi waldar faranti mai kauri a ƙarƙashi, ya nemo launin da ya dace da fatar kujera har ka rantse da shi aka ƙera ta.

Da na kwance masa kayan, bai fara duba ƙarfen ba. Bargon ya ɗauka ya kai hancinsa, ya ninke shi ya ajiye can sama inda mai ba zai taɓa ba.

Abin da Alhaji Sale bai gaya mana ba shi ne Yaya ya yi aure. Matarsa 'yar Papa Owusu ce, tela, sunanta Akosuwa, wato wadda aka haifa ran Lahadi. Na ce masa ashe Ladi ya bari ya zo ya auri Ladi, ranar ce na fara jin dariyarsa ta da. Suna da 'ya mai shekara uku, sunan Mama ya sa mata, Saratu, ga kuma wani cikin ya tsufa. Yarinyar ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta ɓuya bayan uwarta tana leƙena da idanun Mama. Akosuwa ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta daka mini sakwararsu ta rogo da ayaba. Washegari ni kuma na karɓi murhu na yi gwaten acca da yakuwa da daddawar Mama. Yaya ya ci kwano biyu, Akosuwa na kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

Kwanakin da na yi, kullum ina gareji a kan benci, yana feƙe ƙarfen da zai riƙe sabon birkin a jikin hob ɗin, yana jero tambayoyi. Ko jiniyar masaƙa na kuka da safe har yanzu? Ko ana hango wutar matata daga Rido? Mai tsiren bakin dogo yana nan? Wa ke share kabarin Baba? Wani lokaci in na gama ba da amsa sai ya ce in ci gaba da magana kawai, ko me zan ce, ya daɗe bai ji Hausar gida ba.

Saƙon Mama na riƙe shi ina jiran lokaci. Ranar da ya gama da farar motar ya ce in zo mu gwada ta. Ya ɗaura mini bel da hannunsa, muka hau wani tudu a bayan gari, ya sake ta a gangare. Na ga gonar dawar nan a idona. Ya taka birki, motar ta tsaya cak ba ko karkata. Na san abin da yake tunani ya san nawa. A nan na gaya masa abin da Mama ta ce. Na ce sojoji sun tafi, waɗanda suka gudu suna ta dawowa, har an mayar da wasu bakin aiki.

Ya ce sojojin sun taɓa tafiya muna yara, muka yi rawa a titi, ba a daɗe ba suka dawo. Amma ya ce ba wannan ne ya riƙe shi ba. Ya iso garin nan ba shi da ko takalmin kirki, tsohon nan ya ba shi tabarma da sifana, daga baya ya ba shi 'yarsa. Yanzu tsohon ba ya ganin zaren noti, mutum nawa ke ci daga garejin, ga Akosuwa ta kusa sauka.

"Kullum da safe kafin in buɗe ido a Trikania nake," ya ce. "Sai na ji ana magana a waje in tuna. Ki ce wa Mama zan zo. Kada ki sa mata rana."

Na yi fushi, ban ɓoye ba. Na ce Mama ba yarinya ba ce da za a ce ta jira. Ya ce ya sani. Ya tayar da mota muka koma.

Ya shirya kayan cikin akwatin katako, kowane ƙarfe ya ɗiga masa fenti, ja ya haɗu da ja, shuɗi da shuɗi, yadda Oga Sunday makanikin layinmu ba zai ruɗe ba. Akosuwa ta ɗinka wa bel ɗin riguna masu laushi don kada su goge wa Mama wuya. Bargon Baba ya roƙa in bar masa. A tasha Saratu ta yarda na ɗauke ta a karon farko, ta kama kunnena tana wasa da ɗan kunnena, har direba ya yi ta hon. Yaya ya bi motar da ƙafa har bakin titi.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Iyakokin nan dai, tambayoyin nan dai, sai dai wannan karon ba wanda ya yi dariya, don akwatin kayan mota mai shiga Najeriya ba baƙon abu ba ne. Da muka hango wutar matata na ji hawaye, ban sani ba ko nawa ne ko na wanda ya tambaye ni ita.

Mama na zaune a ƙofar gida da tasi ta sauke ni. Ta amsa gaisuwata, amma idonta na kan ƙofar motar. Direba ya sauke akwati, ya rufe but, ya ja. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta ce in shigo in sha ruwa. Na ba ta hoton Saratu. Ta kai shi bakin taga ta daɗe a tsaye.

Oga Sunday ya bi fentin nan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa komai, aka sauke Ladi daga kan bulo. Ran Lahadin da za mu fara fita, Mama ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure ta. Na ce surukarta ce ta ɗinka rigar bel ɗin. Ta shafa ɗinkin da yatsa, ta ce hannun yarinyar na da kyau, ta bari na ɗaura mata. Muka je coci, muka zagaya ta Kakuri, yara na bin mu da gudu. A gangaren da ke sauka wajen kogi Oga Sunday ya taka birki, ta tsaya. Mama ta ce ya sake. Ya sake, ta tsaya.

To, jama'a, abin da ya kai ni Gana ke nan, abin da na gano ke nan. Masu tambaya ko Bulus zai dawo, ban sani ba.

Abin da na sani shi ne, a makon nan Mama ta sa na raka ta wajen mai hoto, ta ce irin na fasfo take so. Na tuna mata kumburin ƙafarta da nisan hanya, na ce ko likita ba zai yarda ba. Ta ce ba likita ta tambaya ba. A hanyar dawowa ta ce in gaya mata yadda ake ce wa yaro zo da harshen mutanen can. Na ce bra suke cewa. Jiya da safe ina shirin fita na ji ta a tsakar gida tana shara, tana maimaita kalmar a hankali, tana gyara ta, don kada ranar ta zo ta faɗe ta ba daidai ba yarinyar ta ƙi zuwa.